Wai da gaske a Ruwanda ƙasar fadama suke ƙonawa su samu wutar lantarki?

Ɗan Kurmi:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu ilimin harkar makamashi ku raba mana gardama. Muna hira ne a majalisa kan yadda gas da gawayi suka yi tsada, sai wani abokina yake cewa wai a Ruwanda ƙasa suke haƙowa daga fadama su shanya ta su ƙona, har suna da tashar wuta guda da ba ta cin komai sai wannan ƙasar, wai fit ake ce mata. Ni dai na ce masa in da ƙasa tana cin wuta ai da murhun gidanmu ya daɗe da zama toka, shi kuma ya dage har da rantsuwa.

To abin da nake so in sani, mene ne wannan fit ɗin tukunna, kuma yana da ƙarfin wuta kamar gawayi? In har da gaske ne kuma araha ne me ya hana sauran ƙasashe masu fama da rashin wuta su rungume shi, mu nan ga fadamu nan birjik daga Haɗeja har Sakkwato ba za mu iya haƙowa mu huta da sare itatuwa ba? Ngd.

Injiniya Sule:
Wa alaikumus salam Ɗan Kurmi. Abokinka ya fi ka gaskiya, amma kai ma ba ka faɗi ƙasa warwas ba, don abin ba ƙasa ba ce irin ta gini. Ciyayi ne da ganyaye da saiwoyi da suka mutu suka nutse a wurin da ruwa yake kwance shekara da shekaru ba ya ƙafewa, to da yake iska ba ta shiga sai su kasa ruɓewa gaba ɗaya, su yi ta taruwa wani kan wani suna dannuwa har su zama wani abu baƙi-baƙi mai laushi, in ka damƙa a hannu ka matse ruwa ne zai tsiyayo ta tsakanin yatsunka, kana iya ganin zaren saiwa a ciki ma. Shi ne matakin farko na kwal, in ƙasa ta binne shi miliyoyin shekaru kwal zai zama.

Maganar Ruwanda kuwa gaskiya ce. Tashoshi biyu ne ma ba ɗaya ba. Akwai ƙarama a Gishoma cikin gundumar Rusizi can kudu maso yamma, megawat 15, sai babbar da ke Gisagara a kwarin kogin Akanyaru dab da iyakar Burundi, megawat 80, wadda kamfanin Hakan na Turkiyya ya jagoranta, an fara gininta a 2017 kuma kuɗin aikin ya kai wajen dala miliyan 350. Wani bincike da aka yi musu tun 1993 ya ƙiyasta suna da busasshen fit tan miliyan 155 a fili kusan hekta 50,000, mafi yawansa a kwarin Akanyaru da Nyabarongo.

Me ya kai su? Duba taswira kawai. Ƙasa ce da ba ta da teku, ba ta haƙo fetur, girmanta kaɗan ya ɗara jihar Kano amma mutum sama da miliyan 13 ne a ciki, duk litar dizal ɗin da za su zuba a janareta sai tanka ta ɗauko ta daga Darussalam ko Mombasa, daga Darussalam ɗin ma tafiyar kusan kilomita 1,500 ce, kuma da dala za a biya. Wanda yake cikin wannan halin in aka ce masa ga abin ƙonawa nan kwance a bayan gidanka ai ba zai tsaya dogon tunani ba.

Amma fa aikin ba wai ka ɗau shebur ka je ka ɗebo ba ne. Yadda yake a kwance kusan kashi 90 cikin 100 ɗinsa ruwa ne, to sai an fara yanka magudanai an tsiyaye fadamar, a share ciyawar sama, sannan tarakta ta bi ta kankare saman kaɗan-kaɗan kamar santimita ɗaya ko biyu, a bar shi ya sha rana ana juyawa, in ya bushe a tattara a yi tsibi a lulluɓe, a sake kankaro wani. A tashar kuma ana zuba shi ne cikin wata ƙatuwar tukunya, zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya injin, shikenan wuta ta samu. Ƙarfinsa kuma bai kai gawayi ba ko kusa, kilo ɗaya na gawayi mai kyau ya fi kilo biyu na fit ɗin da aka shanya zafi, shi ya sa dole a gina tashar a bakin fadamar, in ka ce za ka yi ta jigilarsa a tirela zuwa nesa kuɗin mai zai cinye ribar, rabin lodin naka ruwa ne da toka.

Maman Hanif:
Injiniya sannu da ƙoƙari Allah ya ƙara sani. Ni duk wannan megawat ɗin ba shi ne damuwata ba wlh, tambayata ana iya girki da shi? Don mu mata mu muka san abin da muke gani, buhun gawayi yanzu sai ka yi da gaske kuma rabinsa gari ne da duwatsu, gas kuma in ya ƙare tsakiyar girki sai dai ka koma maƙota roƙon garwashi. In dai zai dafa wake ba hayaƙi ni a kawo min ko daga Ruwandan ne.

Injiniya Sule:
Hajiya ana girki da shi, amma wannan "ba hayaƙi" ɗin da kika saka shi ne inda gizo ke saƙar. Maƙociyar Ruwanda wato Burundi ta daɗe da gwada wannan, tun 1977 suka kafa hukuma guda mai suna ONATOUR don ta haƙo fit ta rage wa dazuka nauyi, kuma har yau manyan masu saye ba matan gida ba ne, barikokin soja ne da sauran wuraren da ake ɗora ƙatuwar tukunya a dafa wa ɗaruruwan mutane. Dalili kuwa ɗanyen fit yana da wuyar kamawa, yana hayaƙi mai wari, ga toka mai yawa, a murhun duwatsu uku cikin ɗan madafi mara taga sai idonki ya raina fata kafin ruwa ya tafasa. In an gina masa murhu mai bututun hayaƙi kuma wutar za ta daɗe tana ci to nan yake da daɗi, don yana ci a hankali ba ya saurin mutuwa, wake kam zai dahu.

Hanyar da ake bi a gyara shi ita ce a turara shi kamar yadda ake yi wa itace a mai da shi gawayi, a niƙa, a haɗa da abin da zai riƙe shi kamar sitacin rogo a curo shi dunƙule-dunƙule. Wannan ya fi tsafta nesa ba kusa ba, sai dai kowane mataki kuɗi ne, kafin ya iso kasuwa sai ki ga ya kamo farashin gawayin itacen da aka ce zai maye gurbinsa, mai gawayin itace kuwa bai sayi bishiyar da ya sare ba balle ya saka a lissafi.

Malam Jogirafi:
Ni fa ina karantawa ina jinjina kai, don Injiniya ya yi bayanin injin da kyau amma bai taɓo babbar matsalar ba. Fit yana taruwa ne kamar milimita ɗaya a shekara. Milimita ɗaya fa! Ma'ana zurfin mita guda shekara 1,000 kenan, abin da tarakta za ta kankare a 'yan kwanaki ya ɗauki shekara goma ko ashirin yana taruwa, to duk wanda ya ce maka wannan makamashi ne mai sabunta kansa kamar rana ko iska yaudararka yake. Mai shago ne da yake cin uwar kuɗi yana murna wai ciniki ya buɗe.

Na biyu hayaƙin da ke ɗumama duniya. In ka auna da yawan zafin da yake bayarwa fit ya fi kwal ma fitar da iskar kabon, kuma ba a tashar kaɗai ba, daga ranar da ka yanka magudana ruwa ya sauka iska ta shiga, fadamar gaba ɗaya ta fara ruɓewa tana fitar da kabon ko ka ƙona ko ba ka ƙona ba. Filayen fit kashi 3 cikin 100 ne kacal na doron ƙasa amma kabon ɗin da suka riƙe ya fi na duk dazukan duniya in an haɗa. Wanda ke tsakiyar kwarin Kwango, tsakanin Kwango Kinshasa da Kwango Barazabil, da masana suka fitar da taswirarsa a 2017, shi kaɗai an ƙiyasta yana riƙe da tan biliyan 30 na kabon, faɗinsa ya fi Ingila.

In kuna so ku ga ƙarshen tsiyaye irin wannan wuri ku dubi Indunusiya. A 1996 gwamnatin Suharto ta ce za ta mai da hekta miliyan guda na dajin fit a tsakiyar Kalimantan gonar shinkafa, aka yanka magudanai na dubban kilomita, shinkafar ba ta yi ba, ƙasar ta bushe, 1997 wuta ta kama. Ita kuma wutar fit ba irin gobarar dajin da muka sani ba ce da za ta lashe ciyawa ta wuce, a ƙarƙashin ƙasa take ci, sama ka ga kamar ba komai sai hayaƙi yana tsattsafowa, ta yi makonni ko watanni, ka kashe nan ta ɓullo can. A 2015 abin ya sake dawowa, hekta miliyan 2.6 ta ƙone, hayaƙi ya rufe har Singafo da Malesiya aka rufe makarantu aka soke tashin jirage, Bankin Duniya ya ƙiyasta asarar dala biliyan 16. Dole a 2016 suka kafa hukuma ta musamman aikinta toshe magudanan nan a mai da ruwa inda aka kore shi.

Su kansu 'yan Ruwandan sun taɓa ɗanɗanawa. Fadamar Rugezi da ke arewacinsu ita ke shayar da tafkunan Burera da Ruhondo, su kuma tafkunan su ke juya tashoshin wutar lantarki na ruwa na Ntaruka da Mukungwa da a lokacin kusan duk wutar ƙasar daga nan take. Da aka yi ta noma da yanka magudanai a cikin fadamar, ga ƙarancin ruwan sama, ruwa ya ja baya, wajen 2004 ƙasar ta faɗa matsalar wuta sai hayar janaretocin dizal suka koma yi da tsada. Ba haƙar fit ce ta jawo wannan ba, noma ne, amma fadama ba ruwanta da dalilinka, in ka tsiyaye ta ka tsiyaye ta. Sai da suka hana noma a wurin suka bar ruwa ya dawo sannan abin ya daidaita.

Baban Sadik:
Malam da girmanka amma ni wannan wa'azin na kabon ya fara isata gsky. Waye ya cika sama da hayaƙin? Ruwanda ce? Ailan ta kafa kamfanin gwamnati Bord na Móna tun 1946, suka yi shekara saba'in da wani abu suna kankare fadamunsu suna ba wa ƙauyukansu wuta da aikin yi, sai da suka yi kuɗi suka ƙoshi sannan a ƙarshen 2020 suka rufe tashoshi biyu, 2021 suka ce sun daina haƙa. Finlan ma haka ta yi ta ƙonawa shekara da shekaru. Yanzu kuma talaka ya taɓa nasa sai a ce kai tsaya duniya za ta ƙone. To asibitin da ake haihuwa da fitilar waya fa, shi ba duniya ba ne? Megawat 80 a wajen Turawa ba komai ba ne amma a Ruwanda babban kaso ne na duk wutar ƙasar. Da babu gara ba daɗi malam. In suna so a bar fit a ƙasa su biya, ba wai su zo taro su yi alkawari su tafi ba.

Malam Jogirafi:
Baban Sadik ai ban ce Turawa suna da gaskiya ba, kuma maganar su biya ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Abin da nake cewa wanda zai fara shan wahalar ba Bature ba ne, manomin da ke bakin Akanyaru ne da yake shuka a fadamar da rani yake yankar ciyawa yake kamun kifi, shi za a tasa, kuma shi ambaliya za ta fara ci in babu abin da zai riƙe ruwan damina. Ailan ɗin da ka kawo misali yanzu kuɗi suke kashewa suna toshe magudanan da kakanninsu suka yanka.

Injiniya Sule:
Ku bar ni in shiga tsakani, don ni ko an ajiye maganar sauyin yanayi gefe guda akwai abin da ya fi damuna a matsayin mai lissafin inji, wato rana. Duk harkar nan a kan shanya ta dogara. Ailan da Finlan suna da lokacin bazararsu da suka saba kwasa su tara na shekara. Ruwanda kuwa damina biyu gare ta, ɗaya daga Maris zuwa Mayu ɗaya daga wajen Oktoba zuwa Disamba, ranin kirki daga Yuni ne zuwa Satumba sai ɗan guntu a farkon shekara, to a wannan ɗan tsakanin za ka shanya abin da tasha za ta ci wata goma sha biyu, in ruwa ya sauko ba zato abin da ka kankare ya koma caɓi, tarakta ma ba za ta shiga ba sai ta nutse. Tashar Gishoma ta sha tsayawa da damina saboda rashin busasshen fit, alhali bashin da aka ci aka gina ta ba ya tsayawa. Ga kuma toka, fit ɗin kwarin kogi yana haɗe da laka da yashin da ambaliya ke kawowa, wannan ba ya ci sai dai ya cika maka tukunya.

Akwai dai wata dabara a ciki da ya kamata a yaba musu. Lokacin rani ne ruwan madatsu yake ja baya wutar ruwa ta ragu, kuma lokacin ne fit yake samuwa, to in ka ɗauke shi a matsayin mai cike giɓi na 'yan shekaru kafin sauran hanyoyin samun wuta su tsaya da ƙafarsu, da ma'ana. Kuma ba su zuba ƙwansu duka a nan ba, suna ciro iskar gas daga ƙarƙashin tafkin Kivu suna wuta da ita, ga tashar ruwa ta Rusumo megawat 80 da suka haɗa hannu da Burundi da Tanzaniya, ga sola. Ni a ganina fit na wanda ya rasa mafita ne kuma yake da shi a kusa, ba abin da za a ce kowace ƙasa mai tasowa ta kwaikwaya ba. In yau za a ba ni dala miliyan 350 a ce in zaɓa, da yadda farashin faifan sola da batir ya faɗi daga 2017 zuwa yanzu, ba zan yanka fadama ba.

Ɗan Kurmi saura tambayarka ta ƙarshe. Fadamunmu na Arewa ba sa yin fit na kirki, don sharaɗinsa ruwa ya kwanta shekara gaba ɗaya ba tashi, namu kuwa ambaliya ce ta zo da damina ta janye da rani, ƙasa ta tsage, zafi da gara su cinye duk abin da ya faɗi. In ka haƙa a Haɗeja laka za ka samu. Inda ake samunsa a Najeriya can kudu ne yankin Neja Delta cikin dazukan bakin teku, kuma wanda yake zaune kan gas ana ƙona shi a banza dare da rana me zai kai shi shanya laka.

Ba'adare:
Assalamu alaikum, ku gafarce ni na shigo a makare. Mu nan Nijar abin da munka gani shi ne ko ka samu abin ƙonawa, shigar da shi madafi shi ne aikin. Muna da kwal a Anu Araren kusa da Cirozerin cikin jihar Agadas, kamfanin SONICHAR na haƙa shi yana ba Arlit da Agadas wuta, kuma an daɗe ana gyara wani kaso ana saida ma mutane don girki a rage saran itace. Ga wani kuma kwance a Salkadamna nan jihar Tawa. Wanga gawayi in ya kama yana daɗewa sosai, amma mata da yawa sun ƙi shi don kunna shi sai da haƙuri, kuma sai da murhun da ya dace da shi, wadda ta saba ta tura kara biyu wuta ta tashi ba ta son jira. To in kwal da ya fi fit ƙarfi ya sha wanga wahala, ina ga fit.

Na Gurin Nguru:
Injiniya tunda ka ambaci fadamarmu ta Haɗeja zuwa Nguru bari in saka baki. Mu abin da ya dame mu a nan ba abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba ne, ciyawar kacalla ce da ke sama, ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, tsuntsayen jan baki suna kwana a ciki su fito su cinye gero da shinkafa, ka yanke ta yau kafin wata biyu ta fi ka tsawo. Na ji a bakin kogin Sanagal tsakanin Muritaniya da Sanagal suna yanke irinta su shanya su turara su yi gawayin girki da ita, to wannan ai ita ce take dawowa duk shekara ba sai an jira shekara dubu ba, ga kuma ɓuntun shinkafa tsibi-tsibi a bayan injinan casa ana cinna masa wuta a banza. Dan Allah in akwai wanda ya taɓa ganin injin da ake curo gawayin da shi ya faɗa mana, da hannu ake juya shi ko sai da lantarki, kuma me ake haɗawa ya riƙe don mun gwada da ruwan koko yana bushewa sai ya wargaje.

Maman Hanif:
Na Gurin Nguru koko ai ya yi ruwa da yawa, ku dama sitacin rogo da kauri kamar na wanki ku zuba tun da ɗuminsa. In ya yi ka turo min mudu ɗaya in gwada da wake in ba ku labari.